Tsakuwa a cikin sokawe: tace ruwa take yi, ko me?

Wakilin Makaranta: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Makarantarmu ta kwana tana wajen gari ta hanyar Bodinga, ɗalibai 200 ne da 'yan kai. Tun bara sokawe ya hana mu sakat. Duk bayan wata uku sai mun kira motar zuƙa, da damina kuwa ruwan har tsakar gida yake malalowa, maƙwabta sun kai mu wurin mai unguwa sau biyu. Wani ya ce mu gina tanki na biyu mu cika shi da tsakuwa, wai ruwan zai bi ta ciki ya fito fes, har gas ɗin girki mu samu. Ni dai abin ya yi mini kama da tatsuniya. Wanda ya sani ya taimaka, don kuɗin iyayen yara ne ba nawa ba.

Magini, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Malam, kak ka ɓata kuɗinka. Wanga aiki da hannuna na yi shi shekarun baya, wani gidan haya. Munka gina tanki, munka zuba yashi da 'yan ƙananan tsakuwa awa yadda aka tace ruwan sha. Wata huɗu bai cika ba yat toshe, ruwa yak koma baya har cikin bayi. Da shebur munka kwashe, kwana ukku ko iyalina gudu na sukai. Ka gina rame babba ka huta.

Injiniyan Ruwa: Baba, Allah ya ƙara girma. Labarinka gaskiya ne, duk wanda ya zuba yashi a irin wannan tanki abin da zai gani ke nan. Amma kuskuren tun daga tunanin farko ya taso, wato ɗaukar tsakuwar a matsayin rariya. Aikinta daban.

Kowa ya san santsin nan da ke kama cikin randa idan ta kwana biyu ba a wanke ba, ko yauƙin da ke jikin dutsen bakin rijiya. Wannan yauƙi rayayyun ƙwayoyi ne, miliyoyi, manne da juna. Shi ake so ya kama jikin kowane dutse a cikin tankin. Ruwan ƙazanta ya shigo ta ƙasa, ya riƙa hawa sannu a hankali ta tsakanin duwatsun, ƙwayoyin suna cinye dattin da ya narke a cikinsa, sannan ya fita ta sama. Ƙwayoyin irin waɗanda iska ke kashewa ne, shi ya sa ake rufe tankin ruf. Duwatsun masauki ne kawai aka yi musu don kada ruwa ya tafi da su. To masauki kuwa sai da lungu da hanya. Yashi ba ya barin hanya.

Batun babban rami kuma, Baba, ka tuna abin da ke kashe sokawe. Ruwan da ke shiga yana ɗauke da maiƙo da datti, su ne ke liƙe bangon ramin har ƙasa ta daina sha. Babban rami zai jinkirta ranar, amma tana nan zuwa. Idan ruwan ya riga ya sauke yawancin kayansa kafin ya isa ramin, ƙasa za ta daɗe tana sha.

Magini, Runjin Sambo: To Injiniya, ƙwarin ga da kaka hwaɗi, wa ag ganin su? Ni dai abin da idona yag gani shi na sani.

Malamar Kimiyya: Baba, kai ma kana ganin aikinsu kullum. Wa ke tsinka nono ya yi tsami? Wa ke sa kamu ya tashi? Bari in ƙara a kan bayanin Injiniya, don a nan ne yawancin tankunan ke lalacewa.

Ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne, aikin gayya suke yi, hannu da hannu. Rukunin farko su farfasa manyan abubuwa, sitaci da kitse da makamantansu, su narkar da su. Na biyu su mayar da narkakken abin ya zama tsami iri-iri. Na uku su juya wannan tsamin ya koma irin wanda ke cikin binigar, tare da iskar haidurojin. Na ƙarshe su ne masu yin iskar metan, wadda ita ce ke kamawa da wuta. Masu yin tsami suna da saurin yaɗuwa, cikin 'yan sa'o'i sun ninka. Masu yin metan kuwa 'yan lelen gida ne, wasunsu sai sun yi kwanaki kafin su ninka sau ɗaya, ga su ba sa jure tsami. Ana so ma'aunin tsami da ake kira pH ya tsaya kusa da 7, tsakanin 6.5 da 7.5. Idan aka antaya wa tanki kaya fiye da ƙima, masu tsami su yi ta aiki, na ƙarshen su kasa kwashewa, tsami ya taru ya kashe su. Daga nan sai wari, gas ya tsaya, a ce fasahar ƙarya ce.

Wannan jinkirin haihuwar shi ne dalilin ba su wurin mannewa. Ruwa ya kwana ɗaya ya wuce, su kuma su yi watanni a zaune.

Mahauci, Kara: Malama wannan ai labarin tumbi kike ba mu. Duk wanda ya taɓa farka tumbin sa ya san ɗumin nan da iskar da ke tashi.

Malamar Kimiyya: Wallahi ka faɗi daidai, Malam. Dangin ƙwayoyin nan suna cikin tumbin saniya, metan ɗin kuma ta gyatsa take fitar da shi. Shi ya sa dattin tumbi da ɗanyen kashin shanu suke cikin abubuwan da ake fara tanki da su. Zafin da suka fi so ma kusan na jikin dabba ne, digiri 35 zuwa 37.

Wakilin Makaranta: Ikon Allah. To ashe zafin Sakkwato da muke kuka da shi yana da rana.

Injiniyan Ruwa: Sosai ma. A Turai sai sun kashe kuɗi sun ɗumama irin waɗannan tankuna. Mu a watan Afrilu da Mayu rana tana haura digiri 40, tankin da ke binne a ƙasa yana samun ɗumi kyauta. Da hunturu aikin yana ja baya kaɗan, amma ƙasa tana riƙe ɗumi, ba ya tsayawa. Ga shi ba ya buƙatar wutar lantarki ko kaɗan idan an tsara gangaren da kyau. Tsarin da ke amfani da iska sai an yi ta hura iskar da inji dare da rana, kuma kusan rabin dattin da ƙwayoyin suka ci laka yake komawa, sai an kwashe. A tsarinmu na rufaffen tanki kuwa abin da ke zama laka bai fi kashi 10 cikin 100 ba, saura ya tafi a gas.

Ɗalibin Danfodiyo: Da izinin manya. Ni a karatunmu an nuna mana cewa wannan tankin duwatsu tsohon yayi ne. Young da McCarty suka fito da shi a Jami'ar Stanford ta Amurka tun 1969. Bayansa Gatze Lettinga na Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan ya kawo tsarin UASB a shekarun 1970, inda ƙwayoyin da kansu suke dunƙulewa kamar ƙwayar gero su zauna a ƙasan tanki, ba dutse ba roba. Birane a Barazil da Indiya da shi suke aiki. Me zai sa mu koma baya?

Injiniyan Ruwa: Ƙanena, tarihinka daidai ne, Allah ya ƙara basira. Amma zo mu tsaya a harabar makarantar Malam. Ƙarfe biyar na asuba yara 200 sun tashi lokaci guda, wanka, alwala, bayi. Ruwa ya zubo kamar an buɗe madatsar ruwan Goronyo. Daga ƙarfe takwas zuwa azahar ko ɗigo babu. Hutu ya zo, wata guda tanki bai ga komai ba. UASB yana son ruwa ya riƙa hawa daidai wa daida, a rarraba shi da kyau a ƙasa, a sami mai duba lakar yana ragewa. Ambaliyar asuba ɗaya tana iya ɗaga lakar ta fita da ita. Wanda ya manne a jikin dutse kuwa yana nan. Ba na cewa tankin duwatsu ya fi shi a ko'ina. Inda babu ma'aikaci sai mai gadi, shi zan zaɓa.

Ɗalibin Danfodiyo: Na karɓa, Yallaɓai, amma da sauran magana. An gano cewa a tankin da ruwa ke hawa sama, kaso mai yawa na ƙwayoyin ba a jikin dutsen suke ba, a cikin ramukan tsakanin duwatsun suke maƙale, kuma yawancin aikin a ƙasa-ƙasa ake yin sa. Ke nan cika tanki da dutse har wuya asara ce.

Injiniyan Ruwa: Nan kam ka kama ni, kuma na ji daɗi. Haka ne. Shi ya sa ake yin na haɗin gambiza: a bar ƙasan tankin fili laka ta zauna, a sa duwatsun ko robar a sama su tare abin da zai tsere. Ni ma shi nake ginawa yanzu.

Malam Wakili, ga yadda zan tsara maka a taƙaice. Tankin da kuke da shi kada a rushe, a gyara shi ya zama ɗaki biyu, nan ne kashi zai kwanta, maiƙo ya taso sama. Wannan matakin tilas ne. Duk wanda ya tura ɗanyen ruwan bayi kai tsaye cikin duwatsu, labarin Baba magini zai maimaita. Daga nan ruwan ya bi bututu ya sauka ƙasan tanki na biyu. A ɗaga silab mai huji-huji kamar rabin mita daga daɓe, a jera duwatsun a kansa, tsayin mita ɗaya ko da ɗan ɗori, manya a ƙasa. Girman dutse kamar ƙwan kaza, kada ya gaza ƙwan zabo. A wanke su tas kafin a zuba, ƙura da yashi su ne farkon toshewa. Ruwa ya shanye kan duwatsun da aƙalla santimita 30. A bar bututu mai faɗi a tsaye daga sama har ƙasan silab, ta nan mota za ta zura tiyo ta zuƙe laka ba tare da an taɓa dutse ba. Ɗaki biyu ko uku a jere ya fi ɗaya babba.

Magini, Runjin Sambo: Wanga bututu na tsaye, da mun sa shi waccan shekara da ban sha wari ba. To amma dutse hwa? Kun san garin ga ba mu da baƙin dutse, daga nesa aka kawo shi, tifa guda kuɗi na ba na wasa ba. Marmara muka da ita.

Injiniyan Ruwa: Marmara ina tsoronta, Baba. Wata tana da ƙarfi, wata idan ta daɗe a ruwa sai ta marmashe ta zama jar laka. In za a yi da ita, a jiƙa samfur a bokiti na wasu makonni a gani. Fasassun jan bulo da aka gasa da kyau suna yi, ga kaushi, yauƙi yana saurin kama su. Tsingaron tukwane ma haka, in za a samu da yawa.

Malamar Kimiyya: Ku kuma kun manta da dutsen farar ƙasa, alhali a kansa muke zaune, shi ake haƙa a Kalambaina ana siminti. Yana da wata fa'ida: idan tsami ya fara yawa, yana ɗan narkewa ya rage kaifinsa, kamar yadda ake jefa kanwa a miyar yakuwa. Ba magani ne na dindindin ba, don yauƙi yana rufe shi, amma a haɗa shi da sauran ba laifi.

Mai Kayan Bola: Ni fa ina jin ku shiru na yi. Robar ruwa da ta lemo ga su nan buhu-buhu sun cika magudanun gari. Ba za su yi ba?

Injiniyan Ruwa: Za su yi, har ma sun fi dutse ta wani fannin. Mu yi lissafi. A ce kowane yaro lita 40 yake zubarwa a rana, yara 200, lita 8,000 ke nan, wato kubik mita 8. Ana son ruwan ya yi kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin tankin, mu ɗauki kwana ɗaya. Idan ka cika wuri da tsakuwa, fiye da rabinsa dutse ne, filin da ruwa zai samu kashi 40 zuwa 45 ne. Don ka sami wurin ruwa kubik 8, sai ka gina kusan kubik 18 zuwa 20. Yankakkiyar roba kuwa filinta ya haura kashi 90, kubik 9 ya ishe ka. Rabin haƙa, rabin bulo, rabin siminti, kuma ba ta saurin toshewa.

Sharuɗɗanta: a yanke kai da gindi ta zama zobe, don kada ta riƙe iska ko ta zama aljihun laka. Tana tasowa, dole a danne ta da raga ko a ɗure ta a buhunan raga irin na albasa a ɗaure. Jikinta santsi ne, yauƙi yana ɗan jinkirin kamawa, wasu sukan goge ta da yashi. Guntayen bututun wayar lantarki mai gurzi-gurzi da 'yan wayarin ke zubarwa sun fi ta kyau.

Mai Kayan Bola: Ledar fiya wata fa? Ita ce ta fi yawa.

Injiniyan Ruwa: A'a. Liƙewa take yi ta zama tabarma.

Magini, Runjin Sambo: Ni dai roba ba ta kwanta mini ba. Dutse in ka aza shi, jikanka na iske shi nan. Buhun albasa shekara nawa zai yi cikin ruwan masai?

Injiniyan Ruwa: Rana ce ke cinye irin wannan roba, Baba, a cikin duhun tanki tana daɗewa. Amma maganarka tana da ƙamshin gaskiya, igiyar ɗauri da ragar ƙarfe su ne ke fara ci, don iskar cikin tankin tana cin ƙarfe har da siminti. A yi abin dannewar da kankare ko roba mai kauri, a yi wa bangon sama filasta mai kyau.

Wakilin Makaranta: To gas ɗin fa? Shugaban kwamitinmu har ya fara cewa za mu daina sayen itace.

Injiniyan Ruwa: Ka ce masa ya riƙe mai itacensa. Akwai ma'aunin ƙarfin datti da ake kira COD. Duk kilo ɗaya da ƙwayoyin suka cinye, iyakar metan da zai bayar kubik mita 0.35 ne, wannan ƙa'ida ce ba ta canzawa. A ƙiyasta kowane yaro yana fitar da giram 80 a rana, yara 200 kilo 16. A ce an cinye kilo 11. Metan bai kai kubik 4 ba, kuma wani kaso yana narkewa ya bi ruwa ya fita. Abin da zai zo hannu ba zai wuce kwatankwacin kilo biyu na gas ɗin tukunya a rana ba. Shayin malamai da ruwan zafi, ƙwarai. Tuwon yara 200, ina! Sannan tara gas ɗin yana buƙatar rufi na musamman da ba ya yoyo, kuɗi ne daban. Ni a makaranta shawarata bututun shaƙa mai tsawo ya wuce rufin ɗaki, a sa masa raga saboda sauro da ƙuda. In kuna son gas na gaske, ku yi tankin kashin shanu daban. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana aiki a kan wannan, ku je ku gani da ido.

Mahauci, Kara: To mu namu ruwan fa? Jini, dattin tumbi, kitse, duk kwata suke bi.

Injiniyan Ruwa: Ku ne masu arzikin gas. Ruwan mahauta ya ninka na gida ƙarfi sau da yawa, na gida ɗaruruwan miligiram ne a lita, naku dubbai. Amma kitse abokin gabar yauƙi ne, yana shafe jikin duwatsu ya toshe hanya. Sai an tare kitse a akwatin maiƙo tukuna, a tace gashi da ciyawar tumbi da raga. Jini kuma a tare shi tun a wurin yanka, kada ya shiga da yawa, don yana sakin ammoniya, in ta yi yawa tana sumar da masu yin metan. Dattin tumbi a kai shi tanki irin na kashin shanu, ruwan wanke-wanken kaɗai ya bi ta duwatsu.

Ɗan Majema: Gafara dai masana. Mu da muka gaji jima kaka da kakanni, fatar jar akuyarmu har Turai an san ta, amma kowa ya san warin unguwarmu. Wannan tanki zai yi mana?

Malamar Kimiyya: Naku ya fi na kowa wuya, ɗan'uwa, gara a faɗa maka gaskiya. Ruwan cire gashi yana da toka ko farar ƙasa, kaifinsa ya wuce abin da ƙwayoyin ke ɗauka. Ruwan bagaruwa kuma, abin da ke cikinsa mai hana fata ruɓewa shi ne dai zai hana ƙwayoyin aiki, ai don hana ruɓa kuke sa shi. Masu jimar zamani da ke sa sinadarin salfaid da kuromiyam nasu ya fi muni. Ga gishirin da ake adana fata da shi. Hanyar ita ce kada a haɗa ruwan wuri ɗaya. Na jiƙa fata da na wanki, a bar shi ya kwanta, a surka, zai iya shiga. Na toka da na bagaruwa a ware su, a riƙa sakawa kaɗan-kaɗan bayan an daidaita kaifin. Wannan sai an auna a ɗakin gwaji kafin a sa bulo ko ɗaya.

Ɗan Majema: To Allah ya kawo mai taimako. Mu dai a yanzu rana ce injiniyarmu.

Manomi, Kwalkwalawa: Tambayata ɗaya. Ruwan da ya fito, in ba latas da albasa?

Malamar Kimiyya: Latas a'a, Baba, don Allah. Ruwan zai fito ya washe, wari ya ragu, amma idon mutum ba ma'auni ba ne. Tankin farko yana rage dattin da kamar kashi 30 zuwa 40, na duwatsu ya cinye rabi zuwa kashi 80 na abin da ya rage. Ƙwayoyin cuta kuwa, na taifot da kwalara da atuni, da yawansu suna wucewa da ransu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 ta ce ruwan da za a ba abin da ake ci ɗanye kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita, ƙwayoyin kashi kuma kada su wuce 1,000 a mililita 100. Wannan tanki shi kaɗai ba ya kai wa nan. Abin da ke cikin ruwan mai amfani shi ne taki, don sinadarin da ke cikin yuriya bai tafi ko'ina ba. A ba itatuwa ta ƙarƙashin ƙasa: darbejiya, mangwaro, ayaba. In ana son ƙari, a bi da shi ta kwami mai tsakuwa da aka shuka kacalla ko jema, sannan tafki mai faɗi da rana ke duka. Kuma ramin ƙarshe ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30.

Wani Bawan Allah: Ni tambayata ta addini ce. Girki da iskar da ta fito daga najasa, da cin 'ya'yan itacen da aka shayar da ruwan, ya hukuncinsu?

Mai Kula da Zaure: Tambaya ce mai kyau, amma a kai ta gaban malamai, garin nan ba a rasa su ba. Nan mu tsaya kan abin da muka iya.

Hajiya, Mabera: Ni bari in ba ku nawa. Gidan haya gare ni, ɗaki goma sha biyu. Shekara biyu da suka wuce aka yi mini irin wannan tanki, da jan bulo. Wata biyu na farko wari kamar me, na ce an cuce ni. Na kira wanda ya yi aikin ya ce in yi haƙuri. Wajen wata na shida sai ga ruwa yana fita garau, har na dasa ayaba. Kwatsam bana wari ya dawo. Da na bincika, ashe wata 'yar haya ce ta ga kyankyasai, ta juye galan ɗin baƙin mai da fiya-fiya a masai, ta bi da bilic. Wai taimako ta yi. Sai da aka zuƙe, aka sake zuba kashin shanu, muka koma farko.

Injiniyan Ruwa: Hajiya kin gama mana darasin. Wata shida zuwa tara kafin tanki ya kai cikakken ƙarfinsa, haka abin yake, ba gazawar magini ba ce. Ana rage jiran da iri: a kawo laka daga tsohon sokawe mai aiki ko ɗanyen kashin shanu, a dama, a tace ciyawar, a watsa a kan duwatsun. A fara da ruwa kaɗan, kamar rubu'i, a riƙa ƙarawa cikin wata uku. Malam Wakili, ku masu ɓangaren kwana da yawa, ku fara haɗa ɓangare ɗaya. Kuma ku fara da bazara lokacin zafi, kada ku fara da sanyi.

Sabulun wanka da na wanki na yau da kullum ba sa kashe su. Baƙin mai, kananzir, maganin ƙwari, bilic mai yawa, su ne guba. Leda, tsumma da audugar mata kuma su ne masu toshewa, a ajiye kwando a kowane bayi. Ruwan sama na indararo kada ya shiga ko kaɗan. Sa'armu ɗaya, da ruwa muke tsarki, ba takarda da tsinke da za su cika tankin.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon kowa ya karanta. Kada a bar kowa ya shiga cikin tankin nan, ko an zuƙe shi. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa hanci yana daina jin ta, mutum ya faɗi nan take, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi. Kada a leƙa da ashana ko sigari a hannu, metan yana kamawa. Murfi ya yi nauyin da yaro ba zai ɗaga ba.

Wakilin Makaranta: Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da zan kai wa kwamiti: a gyara tsohon tanki, a gina sabo ɗaki biyu, ba maganar gas. Saura dutse ko roba, nan ne ban yanke ba.

Magini, Runjin Sambo: Ɗaki na hwarko a sa jan bulo manya, na biyu ku sa robarku. In ta ba ku kunya, ɗaki guda za a buɗe ba biyu ba. Kuma ni ka aza silab ɗin, ban yarda da hujin da yaran yanzu ka yi ba.

Injiniyan Ruwa: Ni da zan juya, roba a na farko don can ne toshewa ta fi yawa, bulo a na biyu. Amma mu je wurin mu ga gangaren tukuna, mu ƙarasa gardamar a can.

Mai Kayan Bola: Roba nawa zan tara?

Injiniyan Ruwa: Yanka ka cika duro ɗaya mai lita 200, kada ka danna, ka ƙirga adadin da ya ci. Ninka biyar, kubik ɗaya ke nan. Za mu buƙaci kamar huɗu zuwa biyar.

Wakilin Makaranta: Yankan kuwa ina da hannu 400 ranar Alhamis, almakashi ne babu. Baba magini, Asabar bayan la'asar ta yi maka?

Magini, Runjin Sambo: Ta yi, in Allah ya kai mu. A aiko yaro da mashin, ƙahwata ba ta son hanyar ga.